Kai Daji Cikin Zongo: Gina Ziyarar Allo ta Gandun Daji da Tsaunukan Gana Domin Mazauna Nima da Maamobi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda za a gina ziyarar allo, wato zagaya wuri ta waya ko kwamfuta da hotunan da ke ɗaukar duk kewaye, domin mazauna Nima da Maamobi a birnin Accra. Wuraren da aka yi misali da su sun haɗa da Gandun Mole, Duwatsun Shai, Dajin Atewa da Duwatsun Tongo. Hujjar takardar ita ce, irin ziyarar da aka saba ginawa an yi ta ne don jawo baƙo mai kuɗin jirgi, shi ya sa ta fifita kyan hoto a kan komai. Mai kallo a Zongo ƙaramar waya gare shi, datarsa a ƙidaye take, kuma abin da ya fi bukata shi ne jagora mai magana da harshensa. An kawo lissafin nauyin hoto da na murya, an taɓo wahalar ɗaukar tudu, sannan an tsaya a kan haƙƙin al'ummomin da duwatsun nan suke nasu.

1. Gabatarwa



Nima da kiwo ta fara. A 1931 Malam Amadu Futa, dillalin shanu, ya karɓi filin daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu domin ya riƙa tsayar da garke kafin a shiga da shi kasuwar Accra. Wanda ya ratsa unguwar a yau, daga kasuwa zuwa babbar kwatar da ke tsakaninta da Maamobi, da wuya ya yarda saniya ta taɓa cin ciyawa a nan. Gida na jingine da gida, wani lungun ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, filin Kawukudi kuwa ƙwallo da taro sun riga sun mallake shi.

Har zuwa 2006 yaron Nima yana da wurin ganin naman daji ba tare da ya hau mota ba. Gidan namun dajin Accra yana Kanda, kusa da gidan gwamnati, kuma asalinsa dabbobin da Kwame Nkrumah ya tara ne. A shekarar nan aka tashe shi don gina fadar shugaban ƙasa, aka kwashe dabbobin zuwa Kumasi, daga baya aka buɗe wani ƙarami a cikin Dajin Achimota. Waɗanda aka haifa bayan haka sun isa aure yanzu.

Gandun Mole, mafi girma a ƙasar, yana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 4,500, amma tsakaninsa da Accra fiye da kilomita 600 ne, tafiyar yini cur. Duwatsun Shai suna kusa, kimanin kilomita 50 a kan hanyar Tema zuwa Akosombo, sai dai kusancin bai sa makarantun Zongo sun mayar da su wurin zuwa ba. Idan matasa suka haɗa kuɗin mota bayan salla, bakin teku aka fi nufa. Tambayar takardar nan ita ce: idan za a kawo dajin cikin waya, yaya za a gina shi har ya yi wa mutanen nan amfani?

2. Abin da aka riga aka yi, da wanda aka yi wa

Aikin ba sabo ba ne a Afirka. A 2014 kamfanin Google, tare da Cibiyar Jane Goodall, ya ɗauki Gandun Gombe na Tanzaniya da kyamarar goyo mai idanu 15. A 2015 aka yi na Samburu a Kenya tare da ƙungiyar Save the Elephants. A 2017 'yan sa-kai suka goya kyamarar suka bi hanyoyin ƙafa na dukkan manyan gandun dajin Afirka ta Kudu, kuma a shekarar ce Street View ta Google ta shigo Gana, da wurare irin su ƙauyen kan ruwa na Nzulezo da kasuwar Kejetia. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, masu kallon shirin WildEarth, wanda ke yaɗa zagayen daji kai tsaye daga Afirka ta Kudu, suka ƙaru ƙwarai.

Duk waɗannan ayyuka ne masu kyau, ba na raina su. Amma a duba wa aka hango yana kallo: mutum ne mai intanet marar yankewa, mai babban allo, mai jin Turanci, wanda ake fatan wata rana zai sayi tikiti. Hoton talla ne ko da an kira shi ilimi. Shi ya sa ake zaɓar faɗuwar rana da giwa a bakin tafki, a bar iyakar gandu, inda manomi ke kwana a gona yana gadin doyarsa.

A ɓangaren Zongo kuma hannun yin aikin yana nan. A 2018 da 2019 shirin Open Cities Accra, wanda Bankin Duniya ya ɗauki nauyi saboda matsalar ambaliya, ya sa matasa sun zana taswirar magudanan ruwa da gine-ginen Alogboshie, Akweteyman, Alajo da Nima a kan OpenStreetMap, da taimakon hotunan jirage marasa matuƙa. Ƙungiyar Achievers Ghana da shirin Tech Needs Girls sun koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja. Ga kuma masu ɗaukar bidiyon biki da suna, waɗanda suka san haske da tace sauti fiye da yadda muke zato. Abin da ba a yi ba shi ne haɗa waɗannan hannaye da gandun daji.

3. Lissafin hoto da data

Kyamarar kewaye ta hannu, irin Ricoh Theta ko Insta360, ido biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne yana ɗaukar fiye da rabin kewaye, sai manhaja ta ɗinke su. Tunda ba abin da ke ɓoye mata, mai ɗauka sai ya kafa ta a kan siririyar sanda daidai tsayin idon mutum, ya danne gindin sandar da jakar yashi, ya juya gefenta wajen rana domin idanun biyu su sha haske daidai, ya saita agogon daƙiƙa goma, ya ruga ya laɓe bayan dutse. A Shai wannan laɓewar tana da tsada. Gwaggon birin wurin ya saba da mutane, kuma a shari'arsa duk abin da aka ajiye ba kowa a kai nasa ne. Dole a sami na biyu ya durƙusa a kusa da sanda a hannu, daga baya a goge shi daga hoton.

Wannan wahalar jiki ce. Babbar matsalar tana cikin lissafi. A ce faɗin hoton ɗigo 6,000 ne, kuma an shimfiɗa su a kan digiri 360. Kowane digiri ya sami ɗigo 17 ke nan, ko ƙasa kaɗan. Giwa mai tsayin mita 3, idan tana nisan mita 50, digiri uku da rabi kawai take cikawa, wato ɗigo kusan 57. Maraya mai tsayin mita ɗaya a nisan mita 100 ba za ta wuce ɗigo 10 ba, wanda a allon waya ba a bambanta shi da datti. Kyamarar kewaye gwanar nuna wuri ce, ba gwanar nuna dabba ba. Wanda ya kai ta Mole yana zaton zai dawo da giwa cike da allo zai dawo da ciyawa da sararin sama. Maganinsa shi ne a ɗauki dabbar daban da kyamara mai dogon ido, a liƙa hoton a matsayin maɓalli a daidai inda take tsaye: mai kallo ya taɓa, ta matso.

Sai nauyi. Bidiyon kewaye mai ɗan kyau yana cin wajen megabit 20 a daƙiƙa, wato megabayit 150 a minti ɗaya. Hoton kewaye tsayayye, idan an matse shi da kyau, megabayit 3 ya ishe shi. Murya kuwa, idan an matse ta yadda manhajojin saƙo ke yi, minti biyu ba sa kai rabin megabayit. Saboda haka ziyara mai matsaya 20, kowace da hotonta da bayanin minti biyu, za ta tsaya a wajen megabayit 70, ƙasa da rabin nauyin bidiyon minti ɗaya. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya yanke hukunci: hoto tsayayye da murya mai rai, ba bidiyo ba.

Nauyin nan yana da muhimmanci saboda yadda abu ke yawo a Zongo. Fim da wa'azi da waƙa ba ta shafin intanet suka fi bi ba. Mai gyaran waya ne ke zuba su a memori, ko a tura daga waya zuwa waya ta Xender a majalisar ataya, ko ta WhatsApp. Ziyarar da ba ta buɗewa sai da intanet ba za ta shiga wannan hanyar ba. Tabarau na musamman da ake ɗaurawa a fuska kuwa, a ganina, ɓarnar kuɗi ne a nan: mutum ɗaya ke gani lokaci guda, alhali kallo a Zongo na taro ne, ana yi ana musu.

4. Wahalar ɗaukar tudu

Tudu ya fi gandun fili wuyar ɗauka, domin faffaɗan ido yana kwantar da tsayi. Wanda ya hau Dutsen Afadja daga Liati Wote ya san yadda cinya ke rawa kafin a kai ƙololuwa, amma hoton kewaye daga tsakiyar hawan yana mayar da shi hanyar gona. Abubuwa biyu ke dawo da tsayin. Na farko a bar mutum a cikin hoton, ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin ido ya sami ma'auni. Na biyu a bar numfashin mai hawa a cikin sautin, kada a tace shi.

Ana kuma iya ɗora matsayun a kan taswirar da ke nuna tudu da kwari. Bayanan tsayin ƙasa da kumbon Endeavour ya auna a Fabrairun 2000 kyauta ne, kowane ɗigo mita 30, kuma manhajar QGIS tana sarrafa su a kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai. Sun isa su nuna bangon dutsen Kwahu da na Gambaga yadda yaro zai gane dalilin da hanyar mota ke lanƙwasa a can. Amfaninsu na biyu shi ne tantance adadi. An daɗe ana rubuta wa Afadja mita 885 a littattafai da allunan talla, ma'aunin tauraron ɗan Adam kuwa yana nuna bai kai haka ba. Mai gina ziyara kada ya kwafi allo ya zuba wa yara.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shafe nesa, wanda ya hau dutse a lokacin fari fat zai ɗauko. Amma rani ne lokacin da ciyawar Mole ke kwanciya, dabbobi su taru a tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masaukin baƙi. Don haka tafiya biyu ce ba makawa: tsaunuka bayan ruwa ya wanke sama, dabbobi da rani. Idan an dasa alama aka ɗauki matsaya guda a lokutan biyu, mai kallo ya riƙa juyawa tsakanin damina da rani da yatsa ɗaya, an sami darasin da ya fi duk hoton giwa.

Jirgi marar matuƙi yana da daɗin hoto, amma tun 2016 Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Gana ta wajabta yi masa rajista, ɗauka a cikin gandu kuma sai da izinin Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji. Ƙararsa tana firgita giwa, har a Tanzaniya an yi amfani da shi wajen korar giwaye daga gonaki. A bar shi ga duwatsu.

5. Muryar jagora

A nan ne zuciyar aikin take. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ke ɗaukar nauyin koyar da su a makaranta, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Allunan gandun daji da Turanci suke, jagora ma da Turanci yake bayani. Amma a Nima da Maamobi, Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Bakotokole da Badagombe da Bamoshe da Hausa suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke sulhu. Tsohuwar da ba ta karanta boko ba za ta saurari minti biyu da Hausa, ba za ta karanta layi biyu da Turanci ba.

Wace Hausar? Ta Zongo. Na san wasu malamaina za su so a daidaita ta da ta Kano, a gyara mata jinsin namiji da mace, a cire kalmomin Twi da Ga da suka shige ta. Ba na goyon bayan haka a wannan aikin. Idan murya ta fito irin ta labaran duniya, mai sauraro zai ji daji a matsayin labarin wata ƙasa. A bar daidaitacciyar Hausa ga rubutun da ke ƙasan allo, wanda zai sa ɗan Kano da ɗan Maraɗi su amfana.

Su wa za su yi maganar? Ilimin daji bai ƙare a Zongo ba, ya koma kasuwa ne. Ranar Laraba a kasuwar Nima, mai sassaƙe zai ɗauki ɓawo busasshe, ya kankare da farce, ya shinshina, ya ce maɗaci ne, wancan marke, wancan kawo, ya faɗi irin ƙasar da kowanne ke so. Yaron da ke tsaye gabansa ya san man kaɗe a jikinsa, ya san daddawa a miya, amma ko ya jingina da kaɗanya ko ɗorawa ba zai gane su ba. Akwai mahauta, akwai tsofaffin da suka koro shanu da ƙafa daga arewa, akwai direbobin hanyar Tamale da Bawku. Hanyar da takardar nan ke ba da shawara ita ce a kai wa irin waɗannan mutane hoton bayan an ɗauko, a bar su su juya shi da kansu, a naɗi abin da suka faɗa. Sannan a kai naɗin ga malamin dajin wurin ya saurara, ya ƙara ko ya musa. Kowace matsaya ta sami murya biyu, kuma inda suka saɓa a bar saɓanin a ciki.

Za su saɓa kuwa. Madobiya misali ce: ga mai magani itace ce mai amfani, ga ɗan kasuwa katako ne da Sin ke saye da tsada, ga malamin daji kuwa ita ce aka yi wa yankan ƙare dangi a dazuzzukan da ke kewaye da Mole, har aka sanya ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a cinikinsu daga 2017. Ungulu ma haka. Wadda ke cika kwatar mahauta a da, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma ɗaya daga dalilan shi ne sayar da sassan jikinta don magani da tsibbu. Wani lokaci mai ba mu ilimin itace shi ne mai wancan cinikin. Dole mai tace sauti ya kula kada bayani ya rikiɗe ya zama talla.

Akwai matsaya guda da nake ganin ta fi kowace kusa da rayuwar Accra, kuma ba dabba a cikinta. Dajin Atewa, a tsaunukan da ke bayan Kyebi, an keɓe shi tun 1926, kuma daga cikinsa kogunan Densu da Birim da Ayensu ke fitowa. Densu ne ke cika madatsar Weija da ke shayar da yammacin Accra. Bayan yarjejeniyar dala biliyan 2 da gwamnati ta ƙulla da kamfanin Sinohydro a 2018, wadda aka jingina biyanta da ma'adinin bauxite, ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai ƙara kotu a 2020 don hana haƙa a dajin. A gindin tsaunin kuma masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun riga sun mayar da Birim ruwan kunu. Hotunan tauraron Sentinel-2, waɗanda ake samu kyauta kuma kowane ɗigo mita 10 ne, suna nuna ramukan shekara bayan shekara. Ziyarar da ta fara daga maɓuɓɓuga a kan tudu, ta gangaro da ruwan har jarkar da ake layi da ita a bakin famfo, ba ta bukatar wa'azin kare muhalli a ƙarshenta.

6. Masu dutse

Ziyarar talla tana nuna dutse kamar ba mai shi. Kusan kowane wurin da na ambata kuwa akwai waɗanda aka tasa daga cikinsa.

Duwatsun Shai, masu faɗin murabba'in kilomita 51, garuruwan mutanen Shai ne har 1892, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila a ƙarƙashin Gwamna William Brandford Griffith ta kore su zuwa fili, bisa zargin kisan tsafi. A shekarar aka yi wa maƙwabtansu Krobo haka, kuma rundunar da Turawa ke kira ta Hausawa ce aka tura ta sauko da mutane daga Dutsen Krobo. Ba duk sojojin ne Hausawan asali ba, amma da yawansu a zangunan kudu suka zauna bayan sun ajiye aiki. Har yau akwai tangaran da duwatsun niƙa da ragowar bango a kan Shai, kuma jikokin waɗanda aka kora suna komawa can lokacin bikinsu na shekara. Idan muryar Hausa za ta zagaya da mutane cikin kogon Sayu da ke Shai, ba daidai ba ne ta yi ta labarin jemagu ta tsallake wannan.

A arewa ma haka. Muna son tuna fataucin goro, ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi ya sauka Salaga, da malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma Salaga ta kasance kasuwar bayi ma, kuma hare-haren Babatu da mayaƙan Zabarmawa a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 da 1890 suna cikin abin da ya sa mutane suka riƙa fakewa a duwatsu da koguna. Jikokin maharan da jikokin waɗanda aka hara yau haya suke a gida ɗaya a Maamobi. Wannan ba dalilin yin shiru ba ne. Dalili ne na a rubuta bayanin tare da su duka. Mole kansa, wanda aka keɓe a 1958 ya zama babban gandu a 1971, sai da aka tashi ƙauyuka a shekarun 1960 kafin ya zama abin da baƙo ke gani.

Sai batun abin da ba a nunawa. A Tengzug, cikin Duwatsun Tongo na Talensi, waɗanda sojojin Ingila suka kai wa hari a 1911, mai son shiga kogon bauta na Tongnaab sai ya cire takalmi da riga. Wannan sharaɗin masu wurin ne. Kyamarar kewaye tana rushe shi, domin da zarar ta shiga, duk mai waya ya shiga da rigarsa. Ina ganin mutanen Zongo za su fi kowa saurin fahimtar matsalar idan aka juya ta: masallacin Larabanga, a bakin hanyar shiga Mole, ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga cikinsa. Da wani zai saci hoton cikinsa ya baza, da ba mu ji daɗi ba. To hukuncin ɗaya ne. Ziyara ta tsaya inda masu wuri suka ce ta tsaya, a faɗa wa mai kallo cewa akwai gaba kuma ba a shiga. Mai bayani kuma ya faɗi abin da masu wurin suka yi imani da shi da ladabi, ba tare da ya yarda ba, ba tare da ya yi izgili ba. Wannan ya fi wuya a aikace fiye da a takarda, kuma gara a zauna da limaman unguwa tun kafin a naɗi murya.

Dabba ma tana da sirri. Kowane hoto na ɗauke da lambobin wurin da aka ɗauke shi. Idan tafkin da ɓauna ke sha ne ko ramin dankunya, an ba mafarauci taswira kyauta. A goge lambobin kafin a saki hoto, matsayun da ke kan taswira kuma su tsaya ga hanyoyin da baƙi suka saba bi. Fuskokin mutane kuwa dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta shafe su: ko a nemi yarda, ko a dusashe.

7. Ajiya da ma'auni

A ƙarshen 2020 manhajar Flash ta daina aiki, ziyarce-ziyarcen da aka gina a kanta suka mutu. A 30 ga Yunin 2021 Google ya rufe Tour Creator da Expeditions, waɗanda malaman makaranta a ƙasashe da dama suka zuba aikinsu a ciki. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana ta yi kwanaki tana lalube. Abubuwan nan uku magana ɗaya suke yi: kada a gina a filin aro. Manhajoji irin su Pannellum da Marzipano kyauta ne, a buɗe suke, kuma ana iya naɗe ziyarar da aka gina da su ta zauna a cikin waya ko a ƙaramar na'ura a ɗakin karatu, ta yi aiki ba intanet. Asalin hotuna da sauti, waɗanda ba a matse ba, a ajiye su wuri uku: ɗakin karatun al'umma na Nima da Maamobi, ofishin gandun da aka ɗauka, da majalisar gargajiyar masu wurin. A rubuta tun farko wa ke da ikon sayarwa idan wani kamfanin yawon buɗe ido ya nema, da kason da zai koma ga masu dutse da masu murya. Asusun Raya Zongo, wanda aka kafa da doka a 2017, yana cikin wuraren da ya dace a ƙwanƙwasa don neman tallafi, haka ma Sashen Ilimin Musulunci da ke kula da makarantun Islamiyya tun 1987.

Da Shai ya kamata a fara, ba da Mole ba, ko da yake Mole ya fi suna. Ana zuwa a dawo a yini ɗaya da motar haya ta trotro, don haka kuskuren ɗauka ba ya cin kuɗi da yawa, kuma masu wurin suna nan kusa a Doryumu da Dodowa, ana iya zama da su sau da sau. Sannan a nan ne kaɗai za a iya auna ko aikin ya yi tasiri. Ƙidayar kallo ba za ta samu ba, tunda abin ta memori zai yi yawo, kuma ko ta samu ba ita ce tambayar ba. Abin aunawa shi ne ko makarantun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa sun fara ɗaukar mota suna zuwa. Wannan yana bukatar a roƙi ma'aikatan ƙofar gandun su riƙa rubuta unguwar da kowace makaranta ta fito, kuma a fara rubutun aƙalla shekara guda kafin a saki ziyarar, domin a sami abin kwatantawa.